Ni da Kajina a Kan Zogale

A shekarar 2004 idona na hagu ya fara yi mini wasa. Ina kai ƙwai garin Shabu a kan mashin, sai na gaishe da wani kututture, na ɗauka maƙwabcina ne. 'Yata ta fari, wadda ke karatun aikin gona a can, tana goye a bayana. Muna isa ta zare makullin.

Likita a Lafiya ya ce tsakiyar idon ce ta fara gajiya. In abin ya ci gaba, sallama da mashin.

Ni kuwa tun ina saurayi ba na cin ganye. Miyar ganye in ce a kai wa akuya. Zogalen bayan gida kaf kaji nake tsinko wa, don na daɗe da lura kazar da ta ci shi gwaiduwar ƙwanta tana fitowa jawur, masu shayi har rububi suke yi.

Da muka dawo gida 'yar tawa ta ce, "Baba, ka san abin da ke rina gwaiduwar nan?"

"Albarkar hannuna."

Ta yi dariya. Ta ce sunansa lutin, wani sinadari ne ruwan ɗorawa da ke ɓoye a ƙarƙashin koren ganye. In mutum ya ci, a tsakiyar ido yake taruwa, ya tare kaifin haske, ya rage wa wurin lalacewa, kamar yadda fenti ke kare ƙarfe daga tsatsa. Kuma ba ya narkewa a ruwa, sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa.

"Ke nan shekara ashirin ina gyara idon kaji?"

"Kai kuma kana gaisawa da kututture."

Ni da na tsaya a aji uku, ashe na riga littafinta gano abin, bakin da zan zuba shi ne na kuskure.

Daga ranar maman yara ta shiga yi mini kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, ga dafaffen ƙwai ɗaya. Ina ci tana tsokana: "Malam, a ƙaro wa akuya?" Kaji kuma suna hararata.

Da shekara ta zagayo muka koma. Likita ya ce idon bai dawo sabo ba, amma bai ƙara lalacewa ba. 'Yar tawa ta miƙo makulli, da sharaɗin in riƙa tuƙi da rana kawai, kuma a hankali.

Ni na tuƙo ta har gida. Da muka zo wajen kututturen nan ko kallonsa ban yi ba.