Baƙin Murhun Basilisa a Jikin Ganuwa

Gyara zama ki rubuta, jikalle, kuma yadda na faɗa haka za ki sa.

Basilisa mai wankau ce a nan Abila. Shekara arba'in da ɗoriya tana gangarawa kogin Adaja da ƙunshin kayan mutane, in lokacin sanyi ne ta sa dutse ta fasa ƙanƙara, ta wanke, ta hawo. Har limaman coci ita suke ba wa rigunansu. Mace ce da gara ka zage ta da ka nuna mata ɗigon datti a jikinta.

Gidanta bango uku gare shi. Na huɗun ganuwar gari ce. Kakan mijinta da ya tashi gini ya ga katanga a tsaye, kaurinta ya fi tsawon mutum, sai ya ce me zai kai shi sayen dutse, ya jingina ɗakinsa a jiki. Duk layin haka suka yi, tsakanin hasumiya biyu. Mijinta Fructuoso, mai kiwon tumaki, yakan ce shi kaɗai ne makiyayin da sarakunan dā suka yi wa gini.

Bayan rasuwarsa aka aiko wa 'yan layin takarda cewa za a rushe gidajen, don baƙi masu zuwa kallo su ga ganuwar tun daga tushe. Aka ba su ɗakuna a wani bene a bayan gari, har da famfo. Maƙwabta suka yi ta kuka. Basilisa ba ta yi ba, don gwiwoyinta sun gaji da ɗiban ruwa. Ta share ɗakin tas, ta ba da makulli, ta tafi.

Ranar Juma'a ta biyo ta wurin za ta kasuwa, sai ta tsaya cak. An kwashe rufi, an kwashe bango ukun. Ga baƙin hayaƙin murhunta nan a jikin ganuwa, daga ƙasa har tsayin mutum biyu, a fili, a bakin hanyar da kowa yake bi. Cikin bututun hayaƙi ne, inda hannu bai taɓa kaiwa ba. Amma wa zai tsaya yi wa jama'a wannan bayani? Kowa a garin ya san ɗakin waye.

Washegari ta dawo da bokiti da toka da burushi. Shugaban maginan da ke aikin wurin, Anastasio, ɗan tsohuwar maƙwabciyarta ne. Ya tare ta.

"Inna, ina zuwa da bokiti? An hana taɓa ganuwa fa. Kayan tarihi ne."

"Tarihin wa? Waken da na dafa ne ya yi baƙin nan. Kai ma ka ci, har da neman ƙari."

"Inna, doka ce."

"Lokacin da kake fitsarin kwance wace doka ce ta sa nake wanke maka wando?"

Leburori suka sunkuyar da kai suna dariya. Anastasio ya lallaɓa ta, ya ce akwai masu zuwa daga Madrid da injin wanke dutse, wataƙila baɗi. Ta ce ita ba za ta shekara da ƙazantarta a shanye a gaban baƙi ba, ga bikin garin na watan Oktoba yana matsowa, gari zai cika. In kamu ne, ya kira 'yan sanda, za su same ta tana aiki.

Ya sosa ƙeya. Can ya ce su dai ƙarfe biyu suke tafiya cin abinci, kuma shi in yana ci ba ya waiwaye. Tsani ma nan suke barinsa. Amma don Allah kar ta wuce katakon farko cikin waɗanda magina suka gicciya a jikin ganuwar don tsayawa a kai.

Kwana shida ta yi. A rana ta uku tsofaffin abokan wankinta biyu suka zo, ɗaya ta riƙe tsani, ɗaya tana miƙa ruwa, suna yi mata tsiya wai ashe haka take da ƙazanta ba su sani ba. Ta wuce katakon farko, ta wuce na biyun ma.

Da ta gama, baƙi ya fita sarai. Sai dai dutsen ya yi fari fat, ya fi na kewaye haske nesa ba kusa ba, har daga ƙetaren kogi ana hango shi. Anastasio ya dafe kai, ya ce yanzu kam ta gama tona masa asiri.

Basilisa ta ja da baya ta duba, ta goge hannu a jikin zanenta.

"To, su gani mana. Fari ai ba abin kunya ba ne."

Da mai duba aiki ya zo ya tambaya, Anastasio ya ce haka suka tarar da dutsen, leburori duk suka gyaɗa kai. Sai da aka yi sanyi bakwai kafin wurin ya saje da sauran ganuwar. Ita a na biyar ta rasu.