Yayan Mai Busa

Babana mai gyaran kayan kiɗa ne. Shagonsa yana bayan tashar mota, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, tsakanin mai aski da wata mai sayar da zare. Daga bango har rufi ƙahonin tagulla ne a rataye, da jitoci marasa tsirkiya, da wata fasasshiyar ganga da mai ita ya kawo ya manta da ita. Mutanen layin Injiniya suke ce masa. Idan ya ƙwanƙwasa ƙaho da farce, ya kasa kunne, zai faɗa maka inda ya tsage tun bai duba ba.

Amma ba da gyara ya fara ba, da busa ya fara. Yana saurayi shi ne mai ƙahon wata ƙungiyar jaz da ke wasa a wani otal. Shi ya koya wa ƙanensa, autan gidansu, wanda ya girme wa da shekara tara. Shi ya nuna masa yadda ake ɗaure leɓe da yadda ake danna maɓallai ukun da ke jikin ƙahon. Ana nan wata rana babur ya kayar da Baba, haƙoran gaba huɗu suka zube, leɓen sama ya rabe biyu. An ɗinke leɓen, an sa masa haƙoran roba, amma sautin bai dawo ba. Ƙungiyar ta jira shi wata biyu, sannan ta ɗauki Auta, ya hau kujerar yayansa da ƙahon yayansa.

Mu muka taso muna ce masa Baffa. Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba. Sai dai duk ranar da aka sa busar Baffa a rediyo, Baba zai ce batir ya yi sanyi, ya kashe. In baƙo ya ce, “Ashe kai ne yayan mai busar nan?” sai ya ce, “A'a, shi ne ƙanena.” Umma takan harare shi ta ce hassada ga mai rabo taki ce. Shi kuma ya ce wa ya yi maganar hassada, shi dai kunne ne da shi.

Shekarar da na fara koyarwa aka shirya babban wasa a lambun gari, ranar Asabar daga azahar zuwa faɗuwar rana. Ƙungiya uku: wata baiwar Allah mai rera tsofaffin waƙoƙin karkara da jita, wasu samari masu rege da suke gauraya shi da kiɗan zamani, sai ƙungiyar jaz ta Baffa a ƙarshe. Masu manna takarda ba su ga wurin manna hoton Baffa ba sai bangon da ke kallon shagon Baba. Sati biyu Baba yana aiki ya juya wa ƙofa baya, wai hasken taga ya fi.

Da safiyar Asabar ɗin na kai masa maganin hawan jininsa da ya manta a gida. Ina tsaye sai ga Baffa ya shigo da akwatin ƙaho, yana gumi.

“Yaya, ina kwana. Maɓalli na biyu ne, in na danna ba ya tasowa.”

“Duk garin nan babu mai gyara sai ni?”

“Haba Yaya.”

Baba ya karɓa, ya kwance, ya kanga a haske. Ya ce wa Baffa ya je ya sha iska ya dawo, ba ya aiki ana tsaye a kansa. Da ya fita, sai na ga Baba ya ajiye ƙananan sifirin guda biyu, 'yar murɗaɗɗiyar wayar da ke tayar da maɓalli, a tafin hannunsa, tsoho da sabo, ya zuba musu ido.

“Kin ga wannan tsohon?” in ji shi, bai ɗago ba. “In na miƙe shi na mayar, zai yi lafiya lau har waƙa ta uku ko ta huɗu. Sannan ya maƙale a gaban jama'a. Babu wanda zai ce ni ne.”

Na ce, “Baba!”

“Faɗa miki kawai na yi.”

Ya sa sabon. Ya ɗiga mai, ya goge ƙahon har ina ganin fuskata a jiki, har wata 'yar lotsawa da ba a ce ya taɓa ba sai da ya fitar. Ya kai shi kusa da bakinsa, ya tsaya, ya mayar cikin akwati.

Baffa ya tanadar mana kujeru a sahun gaba. Ni da Umma muka zauna, Baba ya ƙi, ya je can baya kusa da teburin mai kula da lasifika ya tsaya ya harɗe hannu. Zama bai kama ni ba, na bi shi.

Mai jitar ta fara, ita kaɗai a kan dandamali. Murya gare ta mai sanyi, har masu tallan ruwa suka yi tsit. Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Wannan ta iya. Jitarta ce ke son sabuwar tsirkiya.” Da samarin rege suka hau, wuri ya hargitse, tsofaffi da yara kowa na rausaya. Na hango ɗankwalin Umma yana kaiwa da komowa. Baba ya ce hayaniya ce kawai, alhali ƙafarsa na bin kiɗan.

Rana ta yi sanyi sannan Baffa ya fito cikin farar riga. Ya ɗaga ƙahon, ya ja wani dogon sauti siriri, ya riƙe shi, ya riƙe shi, har sai da na ji tsikar jikina ta tashi. Mai fiyano ya shigo a hankali, mai ganga ya biyo. Na dubi Baba. Fuskarsa a murtuke kamar hadari, amma yatsunsa uku na dama suna danna cinyarsa, suna tafiya tare da na Baffa, wani lokacin ma suna riga su.

Wani mutum a gefenmu ya ce, “Kai! Ba a taɓa yin mai busa irin wannan ba a garin nan.”

“An yi,” in ji Baba.

“Wa?”

Baba ya mayar da idonsa kan dandamali.

Kafin waƙar ƙarshe Baffa ya matso makirufo yana haki. Ya ce, “Jama'a, akwai wanda ba don shi ba da yau ban yi busa ba. Yayana ne, yana can baya. Duk ƙasar nan babu mai gyaran ƙaho kamarsa. Ku tafa masa!”

Aka waiwayo, aka tafa, har da masu fito. Mutumin nan na gefenmu ya kama hannun Baba yana girgizawa. Baba ya yi wani murmushi da ban so na sake gani ba, ya zare hannunsa, ya bi ta bayan motocin da aka ajiye ya tafi.

Kwana uku Baffa yana kira ba a ɗauka. A na huɗu ya zo gida da yamma, ya durƙusa a bakin tabarma.

“Yaya, me na yi?”

“Mai gyara ka ce.”

“To ba gaskiya ba ne?”

“Wa ya sa maka ƙaho a baki? Mai askin layinmu?”

Baffa ya sunkuyar da kai. “In na ce kai ka koya mini, za a tambayi dalilin da ka daina. Kai kuma ka hana a ta da zancen.”

“Kujerata ka hau, Auta.”

“Kai ka ce in je, Yaya. Kana kwance, bakinka a ɗinke, a takarda ka rubuta mini.”

“Na ce ka je. Ban ce ka zauna ba.”

Umma da ke tsinke ganye a ƙofar kicin ta ajiye tire ta ce, “Shekara talatin kenan fa. Furfura a kanku ku duka, ko kunyar 'yarku ba ku ji?” Baffa ya jima a durƙushe, sannan ya ce, “Ban taɓa hawa dandamali ban ji tsoron kana cikin masu sauraro ba.” Baba ya ce, “Ya kamata. Ka yi gaggawa a waƙa ta biyu.” Daga nan ya ce in kawo wa Baffa ruwa.

Bayan wasan aiki ya yi wa Baba yawa. Mai jitar ta kawo tata, samarin rege suka kawo lasifikar da suka ƙona, makarantu suka riƙa aiko da ƙahoni a buhu. Kowa ya shigo sai ya ce ai a wurin wasan ya ji sunansa, Baba kuma ya haɗiye ya ce a ajiye a can.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da Baffa, likita ya hana shi busa. Baba na jin labari ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Kwana tara yana zuwa asibiti, shi ke ba shi abinci a baki, shi ke faɗa da ma'aikata in sun makara da allura. Ranar da likita ya ce huhun ya washe, nan gaba kaɗan zai koma busarsa, Baba ya dawo gida ya zauna a bakin gado yana cire takalmi.

Umma ta ce, “Yaya mai jikin?”

“Da sauƙi, mun gode Allah,” in ji shi. Ya jujjuya takalmi ɗaya a hannu. “Shi ko ciwo ya samu, mai warkewa ne.”