Baluku Yowasi Shida a Tudu Ɗaya

Shekara goma sha tara Kabugho Edreda ta yi tana ɗibar jinin mutane a kan duwatsun Rwenzori, ko sau ɗaya ba a taɓa cewa ta haɗa kwalbar wani da ta wani ba. Ita ba likita ba ce, ba nas ba ce. A aji huɗu na sakandare karatunta ya tsaya, shekarar da ubanta, mai yi wa masu hawan dutse dako, ya karye a ƙugu. Ofishin bincike na Kasese ya ba ta horon wata uku, ya rataya mata akwatin ƙanƙara, ya ce je ki. Ta kuwa je. Takalmin roba har gwiwa, lema a hammata, soyayyar gyaɗa a aljihu. Inda ɗan acaba zai taka burki ya ce, “Mama, iyakata ke nan,” daga nan nata aikin yake farawa.

Bakinta kuwa sai a hankali. Ƙato zai ga allura ya fara kauda kai, ta ce, “Kai da kake sare itace da adda, wannan ɗan tsinken ne zai sa ka kiran uwarka? Miƙo hannu, matarka tana kallo.” A yi dariya, kafin ya farga an gama.

Binciken na ciwon hanta ne. Akwai wata alama da ake dubawa a jini. Wanda tasa ta haura, sai a kira shi asibiti a haska cikinsa, a ɗora shi kan magani tun ciwon bai ci ƙarfinsa ba. Da wannan alkawari Kabugho take sa mutane su miƙo hannu, kuma gida-gida magana ɗaya take bari: “In an kira ka, ka sauko da gudu. In ka ji shiru, lafiyarka ƙalau.”

To, a tudun Buhathiro akwai Baluku Yowasi har shida. Ba abin mamaki a ciki. A al'adar mutanen wurin, ɗan fari namiji dai Baluku ne, kamar yadda ita take Kabugho don ita ce mace ta uku a ɗakinsu. Dukansu a shekarar babbar girgizar ƙasa aka haife su, kuma malamin cocin da ya yi musu baftisma ya rasa ƙaninsa Yowasi a wannan shekarar, don haka duk jaririn da aka miƙo masa sai ya ce Yowasi. Ranar haihuwa kuwa, uwar wa ke da kalanda a lokacin? Ofishin da kansa ya kafa doka: wanda bai san ranarsa ba, a rubuta masa ɗaya ga Janairu. Mutanen tudun ba su taɓa rikicewa ba. Akwai tela, akwai gurgu, akwai dogo, akwai na bakin rafi, akwai mai alade, akwai mai zuma. Takardar ofis ce ba ta da gurbin laƙabi.

Da sakamako ya fito, biyar daga cikinsu alamarsu ta haura, ta mai zuma ta fi ta kowa. Tela kaɗai jininsa ya fito fes. Kabugho ta zauna jiran takardar kira. Takarda ta zo, ta karanta ta sama da ƙasa, ta sake karantawa da tabarau. Ko Yowasi ɗaya babu.

Da ta je neman ba'asi, Madam Atuhaire, shugabar ofis, ta nuna mata ɗakin ƙarshe, inda Lubwama Derrick yake. Masanin lissafi ne da ake turowa daga Kampala ya tace bayanan. Ilimi kam yana da shi, ba wanda ya musa. Sai dai ko tudu ɗaya bai taɓa hawa ba, takalminsa ma bai san laka ba.

Ya juyo mata da fuskar kwamfuta, ɗigo-ɗigo sun cika ta. “Kin ga nan, Mama? Kowane ɗigo mutum ne. Da, akwai wani ƙullutu a nan sama, ya ɓata zanen gaba ɗaya. Da na duba sai na ga suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ƙauye ɗaya, har sau shida. Maimaici ne. Na bar na farko, na share sauran. Dubi yadda ya kwanta yanzu.”

Har da murmushinsa, jama'a! Na farkon da ya bari kuwa tela ne.

“Ɗana,” in ji Kabugho, “waɗanda ka share ɗin suna da mata da 'ya'ya. Ɗaya ma shekaranjiya ya ba ni zuma.”

“Mama, yiwuwar a samu irin wannan ba ta kai ɗaya cikin miliyan ba.”

“To ni na same su, a tudu ɗaya, na sha ruwa a gidan kowannensu. Tashi mu je ka gani.”

Bai tashi ba. Rahoto ya rubuta, wai akwai alamun ma'aikaciyar tana maimaita suna don ta cika adadin mako. Bayan kwana uku aka miƙa wa Kabugho takardar dakatarwa, aka karɓe akwatin ƙanƙarar daga kafaɗarta, shi kuma ya hau mota ya koma Kampala. Mace mai shekara hamsin da biyu, wadda gwiwoyinta suka ƙare a kan aikin nan, ita ce yau maƙaryaciya, don kawai zanen wani ya kwanta. Wallahi abin da ciwo.

Ba dakatarwar ce ta fi ƙona mata rai ba. Washegari ta hau Buhathiro hannu sake, ta tarar da mai zuma yana gyaran amya, idanunsa sun fara yin ruwan ɗorawa. Ya kira ta da sunan ɗanta.

“Maman Masereka! Shiru har yau, ashe lafiyata ƙalau.”

“Ba ƙalau ba, Baba Yowasi. Ka sauka asibiti.”

“Ke da bakinki kika ce in an ji shiru, shi ke nan. Yau kuma kin sake? Ko dai zumar ce kike so in bar miki?” Ya ƙyalƙyale da dariya.

Ta yi magiya, ta yi faɗa, ta haɗa shi da matarsa. Da ƙyar ya sauka ƙaramin asibiti, aka ba shi maganin tsutsar ciki ya dawo, domin na'urar haska ciki ta masu bincike ce, ba ta taɓa wanda ba ya cikin jerinsu. Kabugho ta rubuta wasiƙa huɗu. Ta kai littafinta na aljihu, inda ta rubuta laƙabin kowa da hannunta, aka ce ba takardar ofis ba ce. Madam Atuhaire ta ce, “Edreda, na yarda da ke, amma hannuna a ɗaure yake. Jira ya dawo.” Wata biyar ana wannan jiran.

Ranar da Lubwama ya dawo, ya fito shan shayin ƙarfe goma sai ya ga tsakar ofis cike da mutane. Dattawa biyar a tsaye, ƙafafunsu duk laka, na shida a kwance kan bargon da aka ɗaure a sanduna biyu, cikinsa ya kumbura kamar tulu. Tun daga kan tudu 'yan uwansa suka sauko da shi a kafaɗa, tafiyar awa huɗu.

Kabugho ta ce, “Kira sunan, ɗana.”

“Mama, ba sai an...”

“Na ce kira!”

Ya kira, murya can ƙasa. Baki shida suka amsa, na kwancen ma ya ɗaga yatsa.

Tela ya matso ya kama hannun Lubwama. “Ni ne na gaskiya, ɗana, an ce ni ka zaɓa, na gode. Waɗannan biyar ɗin hotunana ne. Sai dai ka ga wannan hoton gurgu ne, wancan kuma warin alade yake yi.”

Ba wanda ya yi dariya sai mai alade. Lubwama ya juya wurin Kabugho. Ya ce ya yi kuskure, ya faɗa har sau biyu, kuma da gaske yake. Amma wai an riga an kulle bayanan, mayar da suna sai kwamiti ya zauna a Kampala, mako shida. Sharewa da yatsa ɗaya aka yi ta, a tsakanin kurɓar shayi biyu. Mayarwa ce sai kwamiti.

Likitan ofis bai jira kwamiti ba, ya haska cikin mai zuma a ranar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja Kabugho gefe ya ce da an kawo shi lokacin da sakamakon ya fito, da akwai abin yi. Sauran huɗun ya ce da sauran dama, in an buɗe musu magani da wuri.

A mako na huɗu mai zuma ya cika. Aka binne shi a bayan gidansa, aka ci tuwon rogo da miyar ganyensa, Kabugho tana cikin masu zaman makoki. Ka'ida ce in wanda aka ɗibi jininsa ya mutu a sanar da ofis, kuma ita, dakatacciya ko ba dakatacciya ba, ba ta taɓa tsallake ka'ida ba. Da safe ta sa takalminta ta sauka.

Madam Atuhaire ta yi mata ta'aziyya, ta buɗe kwamfuta, ta rubuta sunan. Sai hannunta ya tsaya.

“Edreda, Baluku Yowasi ɗaya ne a nan. In na danna, telan zan kashe.”

“To buɗe wa mai zuma nasa.”

“Ba zai buɗu ba sai kwamiti ya zauna. A wurinmu dai, babu shi.”

Kabugho ta dafa teburin da hannu biyu, ta sunkuyo har tana jin numfashin matar.

“Madam, to wa muka binne jiya?”