Kawu Mai Agogo da Carbin Duwatsu

Kawuna gyaran agogo yake yi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana zaune a ƙarƙashin matattakalar wani bene a bakin kasuwa, da ɗan teburinsa na gilashi da madubin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Hannunsa akwai sanyi, bakinsa kuwa barkono. Idan ka kawo agogo, sai ya gama wanke ka tas a kan yadda ka wulaƙanta shi kafin ya buɗe bayansa.

Ranar da ya kori mutum na uku kafin azahar, Inna matarsa ta ce, "Malam, ka nemi abin da zai sanyaya maka zuciya, tun kafin mu fara dafa agogo a gidan nan."

Sai ya nufi shagon mai carbi, wani dattijo mai magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tayar da jariri. Dattijon ya baje masa kaya a kan ƙyallen karammiski.

"Wannan carbin na jan dutsen aƙiƙ ne. Mutanen da suna cewa yana kwantar da fushi."

"Wa ya ce maka ina da fushi?" Kawu ya daka masa tsawa.

"Babu kowa, Malam. Bari in naɗe maka shi."

Bayan kwana biyu Kawu ya dawo da shi yana huci, wai bai ga aiki ba. "Ni in na gyara agogo, nan take yake tafiya!"

"Dutse ba batir ba ne," in ji mai carbi. "Ado ne da ɗan tarihi, mai yi Allah ne."

Duk da haka ya musanya masa da na dutsen kahraman mai ruwan zuma, wanda ake cewa yana maganin mantuwa. Kawu ya manta shi a motar haya a hanyarsa ta komawa gida.

Na uku fairuz ne, shuɗi, wai yana tsare mutum daga faɗuwa. To, Kawu jan carbi yake yi kamar mai ɗaure akuya. Zaren ya tsinke, duwatsu suka watse a gindin matattakala, ya taka biyu, sai ga shi daɓas a ƙasa, hula can, madubi can. Masu sayar da takalma suka rugo. Yana zaune a wurin ya ce musu, "Kun gani? Ba don fairuz ba, da ƙafa ta karye."

Daga nan ya yanke hukunci cewa duwatsun ba su da laifi, masu shirya su ne ba su iya aiki ba. Ya sayo kowane iri a warware, har da murjani da wani kore da aka ce yana ƙara hasken ido, ya zauna yana zura su da ɗan hantsakin agogo, bakin zare yana tsakanin haƙoransa. Mai zare a baki kuwa ba ya faɗa. Masu kawo gyara suka riƙa samun sa shiru, sai dai ya gyaɗa kai ya nuna musu benci. Kasuwa ta ɗauka cewa Kawu ya zama mai haƙuri, ciniki ya buɗe.

Abin da ke ɗaure masa kai shi ne zaren ba ya wuce mako biyu. Ya canza na auduga, ya canza na roba, har na kamun kifi ya gwada.

Wata safiya na je gaishe su, yana wanka, na tarar da Inna a tsakar gida da carbin a cinya, tana ɗan kankare zaren da reza.

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗana, ka karya kuwa? Zauna in zubo maka. Kuma ba ka ga komai ba."