Hutun da Ya Kusa Ƙarar da Kifayena

Lokacin da wannan al'amari ya faru ban daɗe da ajiye aiki ba, bayan na ƙare ƙarfina ina duba makarantu tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ni ɗan tsohuwar makaranta ne, cikin waɗanda aka koya wa cewa duk abin da mutum ya lura da shi da kyau zai iya sarrafa shi. Saboda haka ban ji daɗi ba da abokan zamana na bayan la'asar suka yanke cewa ba a taɓa kiwon kifin dutse a cikin ɗaki ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Wani tsohon alƙali, abokin wasana, ya ce in zaman banza ne ya ishe ni, in sayi tumaki kamar kowane dattijo, su dai ana layya da su.

Kifin da nake nufi dangin tarwaɗa ne, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Cikinsa a shimfiɗe yake, bakinsa na ƙasa, da shi yake manne wa dutse inda ruwa ya fi gudu. Tun ina saurayi na fara ganinsa a wani rafi mai duwatsu wajen Fakku, tun ranar kuma nake mamakin abin da ke sa halitta ƙarama haka ta zaɓi wurin da ya fi wuya. Ɗiyata da ke aure a Sakkwato ta aiko mini da akwatin gilashi da ɗan injin da ke tura ruwa. Da damina ta ja baya na sa aka kamo mini 'yan kaɗan, tare da duwatsunsu masu gansakuka, wadda ita suke kankara su ci.

Da farko sun zauna lafiya har hunturu ya wuce, ni kuwa na zama ɗalibinsu. Na lura kowannensu yana da dutsensa, kuma kullum kansu na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Sai wani tunani ya shige ni. Na ga baƙi ne a gidana, ga su suna fama da igiyar ruwa ba sassauci, alhali a tarbiyyarmu baƙo ba ya wahala a gaban mai masaukinsa. Ni da na samu hutu bayan doguwar hidima, na ga ya dace su ma su ɗanɗana. Na kashe injin. Ba a jima ba suka saki duwatsunsu suka taso sama suna haki, kafin in gane abin da ke faruwa mafi yawansu sun juya ciki. Gudun ruwan da na ɗauka azaba ce, ashe shi ke kawo musu iskar da suke shaƙa.

Na sake kunna injin, na yi niyyar mayar da waɗanda suka rage inda aka kamo su, amma da na aika a duba rafin sai aka ce ya ƙafe, saura yashi. Ya zama dole in riƙe su da rai har damina, ga bazara ta kama. Batirin solar gidana ba ya ɗaukar fanka da injin a tare, don haka na bar wa kifaye wutar, na koma barandar tsakar gida da mafici. Na naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, ina ƙara masa ruwan randa mai sanyi kaɗan-kaɗan. Uwargidana ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai gida na zufa kifi na shan iska ba, kifin ma da duka-dukansu ba su isa ɗanɗanon miya ba. Ta tambaye ni ko Malam zai raɗa musu suna ne, a dafa shinkafa. Duk da haka, da zafi ya kwantar da ni, ita ce ta ci gaba da jiƙa buhun, tana mita tana yi.

Ina kwance nake ta tambayar kaina inda 'yan'uwansu ke tafiya idan rafi ya ƙafe. Ko gulbi suke gangarawa, ko ƙarƙashin duwatsu suke shigewa, har yau ban sani ba. Wanda bai san wannan ba kuwa bai isa ya ce ya san abin da zai hutar da su ba.

Abin da na koya ke nan, shi ne kuma gargaɗina ga masu karatu, musamman dattawa irina: kada ka auna jin daɗin wata halitta da naka, kada kuma ka raba ta da mazauninta sai ka tabbata kana da hanyar mayar da ita. Biyu ne suka ga damina. Na kai su rafin da hannuna, na sake su, ruwa ya ɗan ja su kafin su kama dutse su juya kansu gare shi. Ina roƙon Editan wannan jarida ya buga ranar da na sake su yadda take: goma ga watan Muharram na bara, ranar cika-ciki.