Zuma a Bangon Tilbir

Mijin yayata, Tilbir Pun, magini ne, kuma shi kaɗai na sani da zai shiga gidan mutane ya gaida bango kafin ya gaida masu gida. Za ka shimfiɗa masa tabarma, ka miƙo shayi, shi kuwa yana can yana shafa dutse da tafin hannu kamar mai taya ɓaunar noma a kasuwa. In ya gama ya ce "Hm", to fara tunanin inda za ka kwashe kayanka.

A ƙauyenmu, can saman garin Beni, ruwa ba ya wasa da gini. In watan Asar, farkon daminarmu, ya kama, sai a yi ta zuba har mutum ya manta kalar rana. Gidajenmu kuwa dutse ne da laka, rufin ma fallen dutse ne. Abin da Tilbir ya riƙe tun yana saurayi bai da yawa. Kowane dutse ya ɗan sunkuyar da kai waje, don ruwan da ya sauka a kansa ya ɗiga ƙasa, kada ya bi shi ciki. Jefi-jefi a sa dogon dutse da zai ratsa bangon daga waje har ɗaki, ya ɗaure fuskokin biyu. A haƙa lambatu a bayan gida, ta wajen tudu, a riƙa share shi. Wanda ya yi sakaci da waɗannan, ruwa zai shiga tsakiyar bangonsa ya wanke lakar, bangon ya turo tumbi, daga nan sai tsaga.

Tsaga kuwa ita ce abokiyar gabarsa, kuma bakinsa ba shi da linzami a kanta. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Kaushila, da ta kira shi ya liƙe mata wata 'yar tsaga da laka. Ya duba, ya ce, "Goggo, bangon nan naki ciki gare shi. Wata nawa?" Ta zage shi tas, har da kakanninsa. Ya tsaya ya sha zagin, sannan ya ce a rushe. Aka rushe, ya sake ginawa, amma ba ta yafe masa wannan tambaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi kowa iyawa. A wajenmu ana barin alkuki a cikin kaurin bango saboda ƙudan zuma: 'yar kafa ta waje da za su riƙa shiga, ƙofar katako ta cikin ɗaki da za a buɗe a ɗebi zuma. Gidan da zuma ta zaɓa, mun ɗauka alheri ya sauka a cikinsa. Duk gidan da Tilbir ya gina sai ya bar alkuki, kuma da wuya a shekara biyu ba su shiga ba. Har daga ƙetaren kogi ake zuwa nemansa, wai hannunsa na da zaƙi.

Gidansa ne kawai suka ƙi.

Ya gina shi shekarar da aka haifi 'yarsu Jamuna, ya yi alkukin da babu irinsa a bangon gaba, inda rana ke wuni, ƙofar ma da kansa ya sassaƙa ta. Jamuna ta yi rarrafe, ta yi makaranta, ta yi aure, ta haihu, ko ƙuda ɗaya bai leƙa ba. Ya shafa kaki, ya shafa kashin saniya, ya shafa zumar da ya roƙo, tururuwa suka zo suka yi godiya. Wata shekara ɓera ya haihu a ciki. Ni ƙanin matarsa ne, tsokanarsa haƙƙina ne, don haka duk zuwan da zan yi sai na ɗauki kwano.

"Bena," na kan ce, don haka muke kiran mijin ya, "na zo a sammini zumar."

"Auta, ajiye kwanon ka ci tuwo. Bakinka ya fi ƙarfin zuma."

Yana dariya, amma abin yana cinsa. Na sha ganinsa da bazara tsaye a tsakar gida, ya ɗaga kai yana bin gungun zuma da kallo har su sauka a gidan wani, gidan da shi ya gina.

Da rani ba ya zama, kullum yana kan bangon wani. Lambatun bayan gidansa ya cike da ƙasa bai kula ba, damina biyu ruwa yana bi ta gindin bangon gabas. Bangon ya turo tumbi, ya tsage daga ƙarƙashin rufi, tsaga karkatacciya da yatsa biyu za su shiga. Yayata Dilsara ce ta fara gani, don a jikin bangon nan gadonta yake.

"Baban Jamuna, bangonmu ya buɗe baki."

"Na gani. Ina gama na su Hastabir maƙwabcinmu zan sauke shi."

Da gaske yake, har ya tara duwatsu. Ana saura kwanaki ya fara, wata hantsi sai ga gungun zuma ya taso daga daji, ya yi baƙi a saman gidan. Tilbir ya yar da abin da ke hannunsa, ya ruga ya tsaya gefen alkukinsa yana jira. Suka zagaya gidan, suka wuce alkukin ko kallo bai ishe su ba, suka zarce bangon gabas, suka shige cikin tsagar.

Kafin la'asar duk ƙauye ya ji. Kaushila, da ƙafa ke damunta ko rafi ba ta zuwa, ranar sai ga ta da sanda.

"Tilbir, barka da arziki. Ashe naka ma ciki ne da shi. Har ya sauka lafiya?"

Ko kunya bai ji ba, fuskarsa sai walƙiya take. Ya kafa kunne a jikin dutsen yana sauraron gunjinsu, ya yafito ni. "Auta, zo ka ji. Aiki suke."

Daga ranar maganar rushe bango ta mutu. Mutumin da ya sa rabin ƙauye suka sauke bangonsu sai ga shi da dalilai. Wai tumbin bai kai tumbi ba. Wai tsagar ta tsaya, ba ta ƙaruwa. Ya sari gora uku ya tokare bangon, abin da in ya gani a gidan wani sai ya tofar da yawu. Ya share lambatun, ya ce ai shi ke nan an kashe maganar. Ya san ba a kashe ba, don lakar da ruwa ya riga ya wanke ba ta dawowa.

Yayata ba mai yawan magana ba ce, amma in ta fara ba ta gajiya.

"Baban Jamuna, damina ta ƙarato."

"Bari su ɗan zauna tukuna. Baƙi ne."

"Ni da na shekara talatin a gidan fa?"

"Ke ai ba za ki tashi ba."

"Haka ka gani?"

Ta ce za ta koma gidanmu. Na ce ta zo, ɗaki na nan. Ba ta zo ba. Tilbir ya ce to ta matsar da gadonta zuwa ɗaya ɓangaren, kusa da murhu. Ta ce a nan ta haifi Jamuna, a nan take kwana, ƙuda ba zai tashe ta ba, in ya ga bangon lafiya yake to ita ma lafiya take. Taurin kai a gidanmu gado ne, na san ba za ta matsa ba. Na same shi a gona na faɗa masa gaskiya, ban sa wasa ba. Ya ce, "Na sani, Auta. Ka bar ni in ɗanɗana ko sau ɗaya. Bayan damina zan sauke." Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Ruwan farko ya zo da wuri, a watan Jeth, tun kafin Asar ya kama, aka wuni aka kwana ana yi. Da safe na biya gidan. Dilsara na durƙushe tana tuƙa tuwon tamba, Tilbir na zaune yana jiran shayi. Da ta sunkuya sai ɗankwalinta ya zame, muka ga jar ƙasa a gashinta, har da 'yan tsakuwoyi. Ya tashi ya shiga ɗaki. Na bi shi. Bargonta duk laka ce, yaɓen bangon ya zubo a daidai inda take sa kai, ga wani dutse kamar ƙwaryar kwakwa a gefen matashin.

Ya fito ya tsaya a kanta.

"Me ya sa ba ki tashe ni ba?"

"In ce maka me? Kai ne magini."

Bai sha shayin ba. Ya ce in je in kira Hastabir da 'ya'yansa, a zo da gora da igiya, a tallafe rufin.

Kafin a taɓa dutse ɗaya sai da ya yi abin da zai iya. Ya kunna tsumma ya yi musu hayaƙi, ya zare duwatsun bakin tsagar a hankali, ya yanko saƙar ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura a jikin 'yan sanduna, ya jera a alkukinsa. Ya lalubo uwar zumar, sarauniyarsu, da hannunsa ya sa ta ciki. Sun harbe shi har idonsa ɗaya ya rufe, leɓensa ya kumbura. Na ce, "Bena, yau kam ka yi kyau." Ko murmushi bai iya ba, bakin ya ƙi. Zumar da ke cikin saƙar ba ta fi a lasa ba, ita ma ya bar musu.

Muka sauke bangon har ƙasa. Cikinsa rami ne, da hannu ake zare dutse. Hastabir ya kalle ni, na kalle shi. Tilbir ya fara gini daga tushe, yana yi yana waiwayen alkuki. Suna shiga suna fita, har ya fara cewa ai dama rashin sani ne ya hana su.

Bango ya kai kafaɗa, wata safiya da rana ta ɗan leƙo, sai muka ji gunji ya canza. Suka yi ta fitowa ta 'yar kafar, suka taru a sama. Tilbir na kan dakalin gora da dutse a hannu, ya kasa motsi.

Wadda ta motsa ita ce Dilsara. A wajenmu in zuma za ta gudu, ana watsa mata ƙura ana kiranta ta zauna. To ina ƙura bayan ruwa? Yayata ta duba ƙasa ta ga caɓi, ta faɗa ɗaki ta suro kwandon garin tamba. Matar da ko ƙwaya ta faɗi sai ta tsince, ita ce ta bi su tana watsa gari da hannu bibbiyu, tana tsallake kunyoyin masara, zani a tattare, tana cewa, "Ku zauna, ku zauna, 'yan albarka, ga gida." Ta bi su har bakin gangare. Suka haye kogi suka shige daji.

Ta dawo fari fat da gari, matsattsaku biyu a ƙafarta, kwando wayam. Ta zauna a kan tarin duwatsu tana haki. Na buɗe baki zan yi tsokana, na ga idonta, na rufe. Tilbir ya sauko ya cire mata matsattsakun da gishiri, ya koma kan aikinsa.

Ranar da za a ɗora sahun ƙarshe, ta kawo mana abinci, ta tsaya tana duban bangon. Ya miƙe sambal, ko wuƙa ba za ta shiga tsakanin duwatsun ba.

"Baban Jamuna, ka bar musu tsaga."

"Tsaga? A ginina?"

"Alkukinka ai sun gani. Sau biyu ma."

"Me mutane za su ce?"

"Abin da suka riga suka faɗa."

Ya daɗe yana sosa ƙeya. Sannan ya sauke sahu biyu, ya bar rami a ciki mai faɗin kwando, ya rufe samansa da dogon dutse mai sunkuyar da kai waje yadda ɗigo ɗaya ba zai shiga ba. Wannan duk bai ba shi wahala ba. Bakin tsagar ne ya hana shi sakat. Duk dutsen da ya ɗora sai ya zauna daidai, hannun ya ƙi yin abin da bai saba ba. Ya sa, ya cire, ya juya, gumi na zuba. Ban taɓa ganin aiki ya gagare shi haka ba, kuma ban taɓa jin ina ƙaunarsa kamar ranar ba.

Can ya ja da baya, ya leƙo daga kan dakalin.

"Maman Jamuna, ta yi muni haka?"

Ta kare ido da tafin hannu, ta duba da kyau.

"Da saura," ta ce.

Ya zare dutsen, ya ƙara karkata shi.