Kawu Manu da Cokulan Umma

Ku da kuka zauna a layinmu na Hindawiyya kun san ba a wucewa ta ƙarƙashin gidanmu bayan la'asar sai an ɗaga kai. Dalili kuwa Kawu Manu yana sama yana kamun kifi. E, a nan Makka, garin da ko rafin da akuya za ta jiƙa kofato babu! Da an sallame salla zai hau suɗuh, wato rufin gida, da sandar fatsarsa a kafaɗa. Ya ajiye daro cike da ruwa a wannan ƙarshen, ya koma wancan ƙarshen ya yi ta jifa. Tsulum! cikin daro. Ya naɗe zare, ya sake. In daronmu ya gundure shi sai ya roƙi maƙwabta su aza masa bokiti a nasu rufin, ya riƙa tsallake layi da jifa. In ya gama ya dubi sama, ko ɗigon gajimare babu, ya ce, "Ruwa na nan zuwa." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, na fi kowa ma.

Ku yi mini haƙuri in labarin ya riƙa karkacewa. Har yau in aka buɗe famfo da ƙarfi gabana faɗuwa yake. Umma ce ta ce zaman shirun ya isa, in ba da labarinsa yadda yake, da dariyarsa da komai.

Kawu yayan Umma ne. Masunci ne tun a Yauri, a bakin kogi aka haife shi. Ya zo aikin Hajji tun kafin a haife ni, ya ga Ka'aba, ya ce shi kam ya iso. Bai taɓa samun iƙama ba, wato takardar izinin zama, da gyaran takalma a bakin masallaci ya rayu. Burinsa biyu ne, kuma ba su jituwa. Yana so a binne shi a Makka, yana kuma so ya sake jefa fatsa cikin ruwa mai gudu ko sau ɗaya kafin ya mutu. In ya koma Yauri ya samu kogi ya rasa Makka. In ya zauna, sai daro. Ya zaɓi daro, ya ce ruwan ne zai biyo shi.

Kowa a layinmu yana da sunan kifi a bakinsa. Ammu Salisu mai tasi, maƙwabcinmu haifaffen nan, shi ne Tarwaɗa, saboda gashin bakinsa. Ni ce Karfasa, wai ƙarama ce ni kuma inuwa ma firgita ni take. Umma kaɗai ya ƙyale, don ya san a hannunta tuwo yake.

Sai dai bai ƙyale cokulanta ba. Kai, cokulan nan sun ga duniya! Kawu bai yarda da sa tana a ƙugiya ba. Ya ce tana abincin ƙananan kifi ce, giwan ruwa kuwa yaudararsa ake. Sai ya samu cokalin shayi ya yanke mariƙin, ya huda gaba da baya, ya ɗaura zare a gaba, ƙugiya a baya. In aka ja shi cikin ruwa sai ya riƙa rangaji yana walƙiya kamar ɗan kifin da ya ji rauni. To ina zai samu cokula in ba a kicin ɗin ƙanwarsa ba?

Wata rana baƙi suka zo daga unguwar Misfala, Umma ta dafa shayi, ta buɗe durowa, wayam.

"Yaya! Ina cokulana?"

"Suna sama suna aiki."

"Wane aiki ne ya fi juya shayi?"

"Habiba, ke fa ɓata su kike. Cokali mai wannan ƙugu ki tsoma shi a madara?"

Da wuƙa baƙin nan suka juya sukari. Washegari Umma ta sayo na roba don ta huta. Kawu ya ɗaga ɗaya ya duba ta haske, ya ajiye a hankali ya ce, "Wannan ko kifi ba zai yarda da shi ba, balle baƙo." Kunya ta sa ta koma ta sayo na ƙarfe. Ba su kai Juma'a ba.

Ɗaya kaɗai ta tsare, wani mai ruwan zinariya da ta taho da shi daga gida cikin kayan aurenta. A bakin zane take ɗaure shi tare da makulli. Kawu ya yi ta zawarcin cokalin nan shekara da shekaru. Ya ce farin cokali na ruwa mai tsabta ne, in ruwa ya yi ja da laka kifi ba ya ganin komai sai mai launin zinariya.

Umma ta ce, "Ina ruwan, balle lakar?"

"Yana nan zuwa."

Bara ta kwanta zazzaɓi, da ta warke ta laluba bakin zane, makulli na nan, cokali ya yi gaba. Ta yi kuka har da majina. Shi kuwa bai musa ba. Ya ce, "Ban ci amanarki ba, Habiba, matsayi na ƙara masa."

Ammu Salisu ya sha tausaya masa. Ya taɓa kawo masa kifi ɗanye daga Jidda. Kawu ya shinshina ya ce kifin da ya tashi cikin gishiri ba shi da tarbiyya. Ya kuma ce zai ɗauke shi a tasi zuwa wani dam a bayan gari, inda ya ji ana samun kifi.

"Yalla ya shekh, mu je ka jefa ƙugiyar nan ka huta, mu ma mu huta!"

"Akwai shingen bincike a hanya?"

"Ɗaya ne kawai. Wataƙila biyu."

"Tarwaɗa, in suka ɗauke ni suka sa a jirgi, kai za ka ɗauko kabarina ka dawo da shi?"

Ammu ya bar maganar zuwa dam. Daga baya sai ya sayo masa ƙaramar makinar naɗe zare irin ta zamani, wadda ake ɗaurawa a gindin sanda. Kawu ya ce kayan malalata ne. Ya kwana da ita ƙarƙashin filo.

Ni ce na koya masa kallon masu fatsa a waya. Akwai wasu turawa da ke shiga tafki da ƙaramin jirgi suna kama wani kifi mai faɗin baki, da kifin roba kala-kala, wani har da ƙararrawa a ciki. Kawu ya matso da fuska har hancinsa na taɓa gilashi. Baturen ya yi jifa, kifi ya cafka, ya ɗago shi ƙato, ya sumbace shi a ka, ya mayar da shi ruwa.

Kawu ya miƙe tsaye. "Karfasa, maido baya. Faɗuwa ya yi?"

"A'a Kawu, sakinsa ya yi."

"Da gangan? Ya kama, ya sumbata, ya saki? La ilaha illallahu! Wannan yunwa ba ta taɓa gaishe shi ba." Ya fita yana faɗa shi kaɗai. Can ya leƙo ya ce, "Amma hannunsa na da kyau. Sake sa mini wurin jifan."

Tunda babu kifi, kuliyoyin layi suka zama ɗalibansa. Yakan cire ƙugiya ya jefo cokali ƙasa, ya ja kaɗan, ya tsaya, ya sake ja. Sai ka ga kyanwa ta lafe, ta daka tsalle. Ya ce haka giwan ruwa yake, ba yunwa ke sa shi cafka ba, haushi ne. A nan ya koya mini abin da ya kira rabin sana'a. "In babban kifi ya ja, kada ki ja. Ki sakar masa zare. Wanda ya yi kokawa da ruwa zarensa ke tsinkewa. Ki riƙe kawai, ruwan da kansa zai kawo miki shi gefe." Ni a lokacin hamma nake, ina jiran ya gama in sauka.

To, ruwa ya zo.

Kun san yadda sail, wato ambaliya, yake a garin nan. Ruwan sama ya sauka kan duwatsu, babu ƙasar da za ta sha, sai ya gangaro cikin unguwa gaba ɗaya. Ran nan bayan la'asar Umma ta aike ni baƙala, shagon unguwa, sayen burodi, a tsallaken layi, ɗan gaba da gidanmu ta wajen tudu. Yayyafi ake da na fita. Na tarar an rufe shagon, ina juyowa na ji ƙara kamar manyan motoci na tahowa. Kafin in tsallaka ruwa ya cika layin, ja wur, ɗauke da kwandunan shara da katako. Ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu. Na cusa hannu cikin ƙarfen tagar shagon na rungume. Abayata ta jiƙe tana ja na kamar mutum ya kama ni. Ina ganin ƙofar gidanmu, ina ganin Umma tana ihu, ba na jin me take cewa.

Ammu Salisu da wasu maza suka tsaya kan dakalin gidanmu suna jefo igiya. Duk jifa sai ta faɗa tsakiya ruwa ya tafi da ita. Hannuna ya fara mutuwa.

Sai na ji ƙwal! a kan ƙarfen, dab da kunnena. Wani abu ya naɗe sandar tagar ya tsaya yana lilo. Cokali ne mai ruwan zinariya, da ɗan dalma a sama don nauyi, ba ƙugiya. Na ɗaga kai. Kawu na bakin suɗuh, ba hula, ruwa na dukansa, riga ta manne masa a ƙashi. Jifa ɗaya ya yi, cikin wannan iskar.

Ya yanke zaren daga makina ya ƙulla shi da igiyar shanyar Umma, ya wurga wa su Ammu ɗaya bakin. Ya yi mini nuni da hannu in ja. Na ja zaren da hannu ɗaya da haƙori har igiya ta iso, na zagaya ta ƙarƙashin hammata na ƙulle yadda na iya. Mazan suka fara ja da ƙarfi, igiya ta miƙe tana kuka, ƙirjina kamar zai rabe.

Ban taɓa jin muryar Kawu haka ba. Ta fi ƙarar ruwan.

"Tarwaɗa, kada ku ja! Ku riƙe kawai! Ku sakar mata!" Sannan ya juyo gare ni. "Karfasa! Saki ƙarfen!"

Na girgiza kai. Wallahi ƙarfen nan shi ne duniyata gaba ɗaya a lokacin.

"Saki na ce! Ruwan zai kawo ki!"

Na rufe ido na yi shahada na saki. Ruwa ya ɗauke ni, na sha, na nutse, na taso. Na wuce gidanmu. Sai na ji igiya ta riƙe ni, ruwan da kansa ya karkato da ni a hankali zuwa ɓangarenmu, har bayana ya bugi matakalar masallacin da ke ƙasa da gidanmu. Hannuwa suka cafe ni.

Da aka shigo da ni gida aka lulluɓe ni da bargo, ashe cokalin na cikin tafin hannuna, na damƙe har ya yanke ni. Umma ta ɓamɓare yatsuna tana kuka, ta gan shi, ta tsaya. Ta ce, "Cokalina ne." Ta sake fashewa da kuka, da dariya a ciki.

Kawu ya sauko yana karkarwa, haƙora na haɗuwa. Ya tsaya a kaina ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Shekara sama da talatin ina jira, ruwa ya zo, abin da na kama karfasa ce. Ko miya ba za ta yi ba." Sai ya sunkuya ya sumbaci goshina. Ya ce, "Je ki, na sake ki. Ashe baturen nan yana da hankali."

Sanyin ranar ne ya shiga ƙirjinsa. Ya kwanta, bai ƙara hawa suɗuh ba. Ana gobe zai rasu na zauna kusa da shi, ina ta hawaye. Ya ce in daina, shi ba abin da ya rage masa. Ya jefa fatsa a ruwa mai gudu, kuma ko shinge ɗaya bai tsallaka ba. An yi masa salla a Harami, an binne shi a Makka.

Daron na nan a sama inda ya bar shi. Ban iya hawa ba tukuna. Cokalin kuwa Umma ta mayar da shi bakin zanenta, da hudarsa biyu, ba mariƙi, ba ya juya shayi. Jiya na ji ta tana shanya, ta dubi sama ta ce a hankali, "Ka yi gaskiya, Yaya."

Ya Allah, ga bawanka Manu, ya bar kogi saboda ɗakinka. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka saukar da shi inda ƙoramu ke gudana ba su ƙafewa, inda babu mai tambayarsa takarda. Ni kuma ka cire mini tsoron nan, ko na iya hawa in zubar masa da ruwan daronsa. Amin.